Wanda Ya Tsaya Bakin Ƙofa

Dogon Dutsi, ran Lahadi

Zuwa ga Yaya Luƙman,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya a inda kake. Direban motar garin Sukukutane ya ce ya san wanda zai miƙa maka wannan takarda, tunda sun karɓe maka waya.

Yaya, a makarantarmu ta lise muna shirya ɗan fim da salula. Ni aka ba rubuta labarin, wai don kullum ina duƙe kan littattafan soyayya. Jarumin sunansa Anas, ya shiga ƙungiyar samari masu ƙin 'yan bori, masu ƙona musu ɗakuna. Na rubuta cewa budurwa ce ta yaudare shi. Malaminmu Mushe Abdulhakim ya karanta a gaban aji, ya ce in don wannan ne, da rabin garin nan na daji. Aka yi ta dariya, ni ko na rufe fuska da hijabi.

Ban san wa zan tambaya ba sai kai. Wata huɗu ke nan da ka bi irin mutanen nan. Mi ya kai ka? Baba ya hana a ambaci sunanka. Kaka Shatu kaɗai ce, duk wanda ya je Kore Mairuwa sai ta tambaye shi ina mijinta.

Ƙanwarka,
Mubaraka

*

Mubaraka,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso.

Rubuta wannan. Anas ya faɗi jarrabawar Bak ta gama lise sau biyu. Shekara guda yana zaune a tasha, ba wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa, ko a kan farashin albasa. Ubansa ya fi gaida akuya a kansa. Ran kasuwar Kore Mairuwa yana tsaye da abokansa, sai ga kakarsa ta fito daga wasan bori da jan zanen iskokinta, ta kama gemunsa tana cewa mijina, wa ya ba ka izinin tara wannan? Ita wasan jika take yi. Tun ranar sunansa ya koma mijin doguwa, har yara suna binsa da shi.

Waɗannan mutane su suka matsa masa a tabarma. Suka kira shi Malam, suka ba shi makullin babur. Da ya yi magana, suka yi shiru suna saurare.

An ce kowa ya kawo sunan gida ɗaya da ake kaɗa garaya, kuma ya fara da danginsa. Ki ce wa Kaka ta kwashe kayan ɗakin borin nan nata kafin Juma'a.

Wassalam,
Luƙman

*

Dogon Dutsi, ran Asabar

Yaya,

Ina gaishe ka, don an koya mini gaida na gaba.

Ran Alhamis na gudu daga lakwal ana cikin karatu, na hau motar Kore Mairuwa. Na roƙi Kaka har na durƙusa. Ta ce kayan nan na uwarta ne, ba ta kai su gidan kowa kamar na sata. Sai dariya take, ta ce tunda mijinta zai zo bari ta jiƙa gero, ta san ba ka shan furar saye.

Sun zo bayan Juma'a, babura biyar, fuska a rufe. Ɗakin ya ƙone ƙurmus. Ta koma ciki don jan zanen, yanzu hannuwanta biyu a naɗe suke, Inna Asiya ke ba ta abinci a baki. Ba ta ambaci mijinta ba tun jiya.

Maƙwabta sun ce akwai ɗaya dogo da ya tsaya bakin ƙofa, bai shiga ba, kansa a sunkuye. A littattafaina irin wannan shi ke dawowa gida. Kai ne ko? Ka ce mini kai ne, ni zan san yadda zan yi da Baba.

Mushe ya ce sabon Anas ya yi kyau ƙwarai, kamar mai rai. Har tafi aka yi mini. Ban taɓa ƙin abin da na rubuta kamar wannan ba.

Ina jira,
Mubaraka

*

Mubaraka,

Salam. Wanda ya tsaya bakin ƙofa baƙo ne, bai san gidan ba. Ni na san ɗakin, ni na shiga.

Kada ki sake ba direba takarda.

Luƙman