Silin Motar Baffa Falalu

Panshekara, ranar Litinin

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kuna lafiya, da su Safiyatu. Ya ciwon gwiwar? Allah Ya ƙara sauƙi.

Inna, ranar Asabar da safe na shiga motar Baffa Falalu, dattijon nan mai kai ma'aikata Sharada. Sai na ga yadin silin ɗinta, wato rufin ciki, ya sako har yana ture wa mutane hula. Ya tokare shi da kara biyu. Wata mata ta sauka da garin soso a kan mayafinta, tana rantsuwa ba za ta sake shiga ba.

Ban manta alkawarinmu ba. Tun da aka rage mu a kamfanin takalma na ce muku in ruwa ya sauka ban sami aiki ba, zan dawo gida. To, hadari ya fara haɗuwa. Ba gona nake gudu ba, Inna, dawowa hannu rabbana ce nake jin kunya.

Sau biyu ana manna silin ɗin yana saki. Na leƙa na ga dalili. A kan ruɓaɓɓen soso suke shafa gam, kuma su manna shi da ɗanyensa. Shekara uku na yi ina manna ƙasan takalmi, na san gam ba ya son gaggawa. Sai an bar shi ya sha iska, an taɓa da bayan yatsa an ji bai kama ba, sannan a haɗa.

Da na ce zan gyara, Malam Salisu, abokin Baffa mai shagon kujerun mota a Na'ibawa, ya yi min dariya, wai mota ba silifa ba ce. Amma ya ce in nawa ya yi mako a rana bai saki ba, zai ba ni gurbi a shagonsa. Ku sa ni a addu'a.

Ɗanku,
Mu'az

Panshekara, ranar Alhamis

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kowa na gida. Na ji an yi yayyafi a wajenku.

Na sauke allon silin ɗin na kwantar a inuwa. Wuni guda na yi ina kankare tsohon soson da burushi, har gashina ya koma ruwan ɗorawa. Na shafa gam na zauna ina jira, Baffa yana ta zagaya ni wai zai bushe a banza. Na yi kamar ban ji ba. Daga tsakiya na fara shimfiɗa yadin, ina bi da tafin hannu kamar yadda kuke lallaɓa fura.

Malam Salisu da gangan ya sa ana ajiye motar a tsakar rana, gilasai a rufe. Yau kwana takwas. Da safe ya shiga ya ja yadin da farce ta kowace kusurwa. Sai ya fito ya miƙo min almakashinsa, ya ce in zo shago Asabar ƙarfe bakwai. Baffa kuwa ya karya karan nan biyu ya jefar.

Na san za ku ce ina faɗa ne don kada in dawo. To, Kawu Alhassan yana tsaye a wurin, shi da kuka aiko ya taho da ni. Gobe zai iso shi kaɗai, ku tambaye shi.

Ɗanku mai ƙaunarku,
Mu'az