Fil Ɗin Kafaɗar Hagu

Zuwa ga iyalin marigayi Tela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, Allah Ya jiƙansa, Ya ba ku haƙuri. Ni ce mai kula da kayan sawar Uwargidan Shugaba. Akwai koriyar rigar siliki da marigayi ya fara ɗinka mata don taron ƙarshen wata. Muna so a ba direba ita ranar Laraba, tare da littafin da yake rubuta awonta. Wani tela zai ƙarasa.

Wassalam,
Mai Kula da Kaya

*

Zuwa ga Mai Kula da Kaya,

Wa alaikumus salam. Na gode da ta'aziyya. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a karatu ba.

Direba ya zo, na ba shi ruwa, ya koma hannu rabbana. Ba raini ba ne. Littafin da kike nema babu shi. Ni ce littafin.

Sau ɗaya maigidana ya taɓa auna Uwargida, shekara tara ke nan. Da ya dawo ya yi ta kallona har na tsargu, sai ya ce, "Ke, tashi tsaye." Ashe jikinmu ɗaya. Tun ranar, duk rigar da kuka gani a jikinta ni na fara sa ta, a nan shago, tsakanin keke da teburin guga. Yana ninke hankici gida huɗu ya ɗora min a kafaɗar dama, don ta hagunta ta ɗan fi sauka. Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba sai ni.

Fil a bakinsa zai ce, "Tsaya cak, ranki ya daɗe, kar ki yi numfashi." In ce, "Ranki ya daɗen ce tukunyarta ke ƙonewa." In ya gan ta a talabijin ta ƙara jiki, sai ya leƙo kicin: "Ta wuce ki, ƙara loma." Ranar da jarida ta ce wai daga ƙasar waje aka ɗinko shuɗiyar nan mai dogon hannu, dariya ya yi har da hawaye, ya ce ashe shagonmu ƙasar waje ce.

Koriyar tana rataye inda ya bar ta. Fil talatin da ɗaya ke jikinta, shi ya soka kowanne. Kwana biyu bayan nan ya kwanta. Na san ba tawa ba ce, amma in wani ya karɓa, abin da zai fara yi shi ne zare su.

Ku ƙara min lokaci. A gaida Uwargida.
Matar Tela

*

Zuwa ga Matar Tela,

Bayan gaisuwa, na karanta wasiƙarki sau biyu, na biyun ban iya ƙarasawa ba.

Bari in ajiye maganar ofis in gaya miki gaskiya, Yaya. Teloli uku muka kira. Sun auna, lissafi daidai, amma riga ta ƙi zama. Wuya sai ya karkace, hannu ɗaya ya fi ɗaya. Uwargida ba ta yarda a tsaya ana jujjuya ta, kuma ba ta son baƙo ya san maganar kafaɗar. Makon jiya aka buga hotonta ana cewa mai ɗinkinta ya fara tsufa. Ta ajiye jaridar ta ce, "Bai tsufa ba, ya rasu."

To ga shawara. Ki riƙe koriyar in kina so. Ki zo ke da kanki, sabon tela ya riƙa gwaji a jikinki kamar yadda marigayi yake yi. Saura kwana goma sha biyu.

Ki huta lafiya,
ƙanwarki, Mai Kula da Kaya

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina gaida aiki. Kin ji shiru kwana shida, ga dalili.

Da wasiƙarki ta zo na yi murna, har na goge mayafi. Sai na ce bari in gwada. Na shiga shago na sa koriyar a hankali, na ɗora hankicin. Ƙanwata, rigar ta yi min yawa. Ƙugu yana lilo, ƙirji ya zube. Ban san na rame haka ba, don tun da ya tafi ba wanda ya ce min ƙara loma. Awon da kuke nema ya bar jikina. Inda ya saura a duniya kawai cikin fil ɗin nan ne.

Na rasa inda zan sa kaina. In share shago, in dawo in sake sharewa. In ɗora ruwa in manta. Na fita kasuwa na dawo ban sayi komai ba. Na zuba wa keke mai sau uku. In na riƙe rigar, aikinsa na ƙarshe zai tsufa a ƙusa, ana ta cewa hannunsa ya lalace. In na bayar, a zare fil ɗinsa a zuba cikin gwangwani.

Ranar Asabar na zauna a kujerarsa. Dama kalmasa da ɗinkin hannu ni nake yi masa, ba wanda ya sani. Sai na bi sawunsa: in ɗinke wuri, sannan in zare fil ɗin wurin. Ban gyara komai ba, ko inda na ga kamar ya yi yawa. Kwana huɗu ina yi, ina tashi ina zagaya ɗaki ina dawowa.

Ga ta nan da direba. Kafin ku goge ta, ku ba tela ya cire fasali daga jikinta a takarda, zai ishe ku shekaru.

Abu ɗaya. A kafaɗar hagu, cikin shafi, akwai fil guda da ya ɗan lanƙwashe, wurin da yake cizawa. Shi ne na ƙarshe da ya soka. Na ɗinke wurin da kyau, ba ya riƙe komai. Sau biyar ina kai hannu ina fasawa. Don Allah ki cire kafin ta sa, kar ya soke ta. Kar ki gaya min.

Allah Ya bar zumunci,
Yayarki, Matar Tela

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Rigar ta zauna, ko a kafaɗa ba ta ɗaga ba.

Kin ce kar in gaya miki, to ban gaya miki ba. Amma ki buɗe ambulan ɗin nan a hankali kar ki soke yatsa, akwai ƙyalle kore a ciki, a ninke.

Uwargida ta ce a gaishe ki, ta ce ki ƙara loma.

Taki,
ƙanwarki