Jinina Aka Auna da Sunan Ɗana

Assalamu alaikum Malam mai wannan fili, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Rubutun ma a yi haƙuri da shi, ajin yaƙi da jahilci na yi, kuma kafin mu kai ƙarshen baƙaƙe malamin ya gudu. Wanda zai zage ni ya dakata ya ji duka tukuna, don ya san inda zai ajiye zagin.

Ni dattijo ne a wani ƙauye na ƙasar Gwaram. Tun kafin a yanke mana Jigawa nake zuwa cin rani Kudu, gadi nake yi, sai bara waccan gwiwa ta zaunar da ni. Babban ɗana ya gaji tafiyar, yana tura kurar ruwa a Legas. Bana ya dawo ya tarar matarsa ta haihu, tana wanka a gidan iyayenta a Fagam. Aka gama wanka, uban yarinyar ya ce ba za ta koma ba sai an auna jinin ɗan nawa, domin abokin da suke ɗaki ɗaya a Legas an kawo shi gida a kwance, an ce ƙanjamau ce. Yaro ya tsure. Ya ce, "Baba, in aka ce ina da ita fa?" Na yi dariya na ce, "Kai rago, jinin naka a ina ka samo shi? Ba nawa ba ne? Zauna, ni zan kai musu na asali." A lissafina na mai rabin boko, tsohon da ba ya miƙewa sai ya dafa bango, me za a samu a jininsa in ba shayi da goro ba?

Na shiga mota zuwa Birnin Kudu, na sami wani ƙaramin ɗakin gwaji. Mai ɗibar jinin ko ɗagowa bai yi ba, ya ce suna. Ku sani ɗan fari ne, tun da aka haife shi ban taɓa kama sunansa ba, "wancan yaron" nake cewa. Ranar na buɗe baki na faɗi sunan, na ce nawa ne. Har tsokanar mai allurar na yi, na ce ya ɗiba a hankali, ragowar ba yawa.

Uban yarinyar ya ce shi zai karɓo sakamako da kansa, kada a yi masa wayo. Ya iso ƙofar gidana ko daga mashin bai sauka ba. Ya ce, "Malam, ɗanka yana da ita. 'Yata ba za ta taka gidan nan ba." Yaron yana tsaye a bayana. Ya dube ni, na dubi ƙasa. Na san inda na samo ta? Ba zan yi muku rantsuwar ƙarya ba. Akwai wata mai sayar da abinci kusa da gidan da nake gadi, kuma ba tuwo kaɗai ya haɗa mu ba. Ga furfura, ga wannan.

Yanzu gari ya ɗauka. A masallaci ana matsawa daga kusa da yaron, wanzami ya ce askarsa ta dakushe. Uwarsa, matata, kullum tana kuka. Ta ware masa kwano da buta, ta ce mini, "Malam, ka daina cin abinci da shi, kai ba ƙarfi gare ka ba." Na ji a rediyo cewa kwano ba ya ɗaukar cutar, shimfiɗa ce ke ɗauka. Kwanon ta ware, shimfiɗarmu tana nan yadda take. An ce wanda ya je asibiti da wuri akwai maganin da ke riƙe shi. To ta yaya zan ce mata tashi mu je, ban faɗa mata dalili ba? Shi kansa yaron har yau ba a auna shi ba, ni na hana a sani.

Uban yarinyar ya aiko, ranar Juma'a bayan an sauko zai zo a saki 'yarsa. Jiya na kira yaron gona, na ce zan tara uwarsa da surukansa in faɗi gaskiya. Na so in sa wasa a ciki kamar yadda na saba, bakina ya ƙi. Ya ce, "Baba, bar shi a kaina. Zan sake ta. Ni in na koma Legas an manta da ni. Kai ina za ka?"

In na yi shiru, zai rasa mata da jaririn da bai gama gani ba, saboda jinin da ba nasa ba. In na yi magana, matar da ta jira ni kowane rani za ta ji abin da na kawo mata tsaraba, a gaban surukai. Juma'a ta matso, jama'a. Me zan yi?