Jar Tsirkiya

Daga Halab, biyar ga Rajab

Zuwa ga malamina kuma ubana a sana'a, Shaikh Ni'imatullah, shugaban masu fiɗa na Dimashƙ. Gaisuwa da ban girma daga almajirinku Badran ɗan wanzami. Ina fatan ciwon gwiwar nan ya sassauta muku.

Malam, ƙarata aka kai, kuma sunanku ya fito a ciki, shi ya sa na riga manzon alƙali zuwa ƙofarku.

Ga yadda aka yi. Dutsen matsar zaitun ya murƙushe hannun wani mai sabulu, Shahin. Na yanke hannun daga gwiwa. Ban yi masa lalas da wuta ba. Na kamo jijiyoyin jinin ɗaya bayan ɗaya, na ɗaure su da tsirkiyar hanjin tunkiya, irin wadda makaɗa ke ɗaura wa molonsu na udu, na ɗinke fata a kai. Na san kun hana ni wannan tun ina wanke muku wuƙaƙe. Shekara uku ke nan ina saɓa muku.

Shahin ya warke, laifin ke nan. Da ya mutu da an ce kwana ne ya ƙare. To ya tashi, yana yawo a kasuwa yana nuna wa kowa dungulmin hannunsa ba ƙuna, har Usta Jabbur, shugaban masu fiɗa na nan, ya gani.

A gaban alƙali Jabbur ya ce, "Allah ya gafarta malam, mutumin nan mushe yake binnewa a jikin Musulmi!"

Na ce, "Usta, tunkiyar yankakkiya ce, da bisimilla. Kai da ka cinye hanjin tumakin Halab kaf da shinkafa a ciki, wa ya kai ƙararka?"

Alƙali ya rufe baki da hannun riga. Jabbur ya ce kakannin kakanninmu da wuta suka tsai da jini. Na ce haka ne, kuma kakannin marasa lafiya ihu suka yi ta yi, sai dai su ba su rubuta littafi ba.

Hukuncin dai ga shi: ijazata, izinina na yin fiɗa, daga hannunku ta fito. In kun tsaya a kanta, in ci gaba da aiki. In kun janye ta, a karɓe akwatin kayana, kada in ƙara taɓa jikin ɗan Adam a ƙasar Sham. An ba ku zuwa bayan ƙaramar Salla.

Ba zan ɓoye muku komai ba. Kafin in taɓa mutum, tumaki goma sha tara na gwada. Matata Zumurruda ta ce tsakar gidanta ya koma zangon guragu, ta kuma rantse in na ƙara shigo da mai ƙafa uku za ta koma gidan ubanta. Mutum goma sha ɗaya na ɗaure wa jijiya, biyu sun rasu. A shekarun da nake lalas, cikin goma sha ɗaya nakan bi gawar biyar.

Ba afuwa nake nema ba, Malam. Ku dubi lissafin kawai.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.
Almajirinku, Badran

*

Daga Dimashƙ, ashirin ga Rajab

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai. Zuwa ga ɗana Badran. Aminci ya tabbata a gare ka da iyalinka.

Takardarka ta iso, ta alƙali ta biyo ta da kwana biyu. Na ga bakinka bai canza ba. Da hannunka bai fi shi hankali ba da tuni na sallame ka.

Kana tsammanin ka gano abin da ya ɓace wa mutanen farko. Ɗaurin jijiya yana cikin littattafan da ka haddace a gabana. Na hana ka ne don na gwada, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau.

Shekara talatin da huɗu ke nan. Akwai wani magini, Hanna, Banasare, maƙwabcina, wanda ya gina mini ɗakin karatun da ka zauna a ciki. Dutse ya faɗo masa a ƙafa. Ya riƙe rigata, ya kira ni da alkunyata ya ce, "Abu Kamil, don girman gishirin da muka ci tare, kada ka sa mini wuta." Na ji tausayinsa, na kuma ji daɗin kaina, don ina matashi kamar yadda kake ji yanzu ko da furfurarka.

Ban yi sakaci ba. Na je wurin babban mai tsirkiya na Dimashƙ. Ka san ana rina tsirkiyoyin udu huɗu bisa ɗabi'u huɗu na jiki. Na zaɓi ja, wadda ta dace da jini, sabuwa fil, mafi tsada a shagon, na ɗaura ta yadda ta fito daga hannun mai ita. Jini ya tsaya. Kwana uku ina yawo kamar sarki. Rana ta huɗu ƙafar ta kumbura, mugunya ta taru a kan kowane ƙulli. Rana ta tara muka kai shi. 'Yarsa Warda tana nan da rai, tana gaishe ni kullum a bakin titi, tana cewa na yi iyakar ƙoƙarina.

Wuta tana da zafi, amma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Tara da suka tashi a hannunka, Allah ne ya tashe su.

Ka rantse a gaban alƙali ka daina, in rubuta masa cewa kai ne mafi gwanintar waɗanda na yaye, don gaskiya ce. In ka ƙi, ranar Salla zan janye ijazar, ina kuka zan janye ta.

Ka gaida Zumurruda. Allah ya ba ta ladan haƙuri.
Ni'imatullah

*

Daga Halab, ashirin da shida ga Sha'aban

Zuwa ga malamina. Gaisuwa irin ta ɗa ga uba. Allah ya jiƙan zumuncin da ke tsakaninku da Hanna. Na tuna ɗakin, na tuna tagar da ya karkata don rana ta faɗo a kan littafi.

Ba zan rantse ba. Na sa wannan a farko don kada ku wahalar da idonku kuna nemansa.

Na yi jinkirin amsa saboda kalma ɗaya a takardarku ta hana ni sakat: ja. Malam, ni ban taɓa ɗaura jar tsirkiya ba. Ba ilimi ya hana ni ba. Kun san ni da maƙo. Wurin Abu Ɗannus mai tsirkiya nake zuwa in kwashi farare, waɗanda ba a kai ga rinawa ba, don sun fi arha. Kuma suna wari, har Zumurruda ta ce ko su ko ita, shi ya sa nake dafa su a ruwan khal, tsimin nan mai tsami, kafin su shiga gida. Ilimina ke nan gaba ɗaya: rowa da tsoron mata.

Na koma wurin Abu Ɗannus na ce, "Da me kake rina ja?"

Ya ce, "Ka zo satar sana'a ne, ɗan wanzami?"

Na ce, "Ina zan kai sana'ar da ke sa kuliyoyi su raka mutum masallaci?"

Sai ya kai ni bayan shago ya buɗe tukunyar rinin. Ya ce tun zamanin ubansa ba a taɓa zubar da ita ba, ƙari kawai ake yi, don tsohuwar tukunya ta fi kama launi. Abin da na gani yana iyo a kanta ba zan rubuta ba, azumi ya kusa. Na ce, "Ta Dimashƙ ma haka take?" Ya ce, "Ta Dimashƙ ta girmi tawa, tun zamanin kakan mai ita take, shi ya sa tasu ta fi tsada."

Na sayi tumaki goma sha biyu. Zumurruda ta tafi gidan ubanta kamar yadda ta rantse, ta dawo bayan kwana biyu don ta ce ba ta yarda da yadda nake ba su ruwa ba. Shida na ɗaure musu da ja, yadda ta fito daga shago. Shida da fara dafaffiya. Cikin na ja, biyar sun yi mugunya, a kan ƙulli, rana ta huɗu, yadda kuka kwatanta. Cikin na fara, ɗaya.

Jabbur ya leƙo ta katanga ya ce, "Yanzu kuma likitan tumaki ka zama?" Na ce, "E, Usta, shigo in duba ka."

Malam, ɗaurinku bai yi ƙarya ba. Hannunku daidai ya yi, littafi ne ya zaɓa muku launi. Duk wanda ya yi karatu irin naku ja zai ɗauka, jahili irina ne kawai zai tsira. Na san wannan magana ba sauƙi za ta kawo muku ba, ta yiwu ma ta fi ta dā nauyi. Na yi kwana uku ina tunanin in bar ta a cikina. Amma ku kuka koya mini cewa mai fiɗa ba ya rufe rauni da datti a ciki.

Abin da ban sani ba shi ne ko rinin ne ke kisa, ko khal ɗin ne ke ceto. Wannan yana son wasu tumakin da wasu watanni, kuma Jabbur ba zai ba ni ko ɗaya ba.

In kun janye ijazar, ba zan ƙi ku ba, ba zan kuma daina ba. Zan miƙa akwatin, in koma aski a ƙofar Antakiya ta nan Halab kamar ubana. Duk wanda ya zo da murƙushasshen hannu ya ce kada a sa masa wuta, da askar gemu zan yi masa aiki, alƙali ya aiko a kama ni. Mutum biyar cikin goma sha ɗaya sun yi mini yawa.

Allah ya kai mu Ramadan lafiya.
Almajirinku ko da ijaza ko babu, Badran

*

Daga Dimashƙ, ashirin ga Ramadan

Ɗana Badran, aminci a gare ka.

Na je bayan shagon mai tsirkiya na nan Dimashƙ, na ga tukunyar. Daga nan na wuce gidan Warda na faɗa mata abin da ya kashe ubanta. Ba ta gaishe ni ba tun ranar, kuma tana da gaskiya.

Na rubuta wa alƙali. Ijazarka tana nan.

Gwajinka kuwa aikin jaki ne. Ka canza abu biyu lokaci guda, sannan kana tambayar wanne ne. Kashi huɗu za ka raba tumakin: ja ɗanya, ja dafaffiya, fara ɗanya, fara dafaffiya. Haka na koya maka?

Zan biyo ayarin bayan Salla. Na tsufa da riƙe wuƙa, amma ina iya riƙe ƙafar tunkiya. Ka ce wa Zumurruda ta yi haƙuri, gurgu ɗaya zai ƙaru a tsakar gidanta.

Ni'imatullah