Wana Ya Tuge Gamba, Ruwa Na Cin Gonata

Malam, don Allah ka agaje ni da shawara, tun ban aikata abin da zan yi da-na-sani ba.

Ni manomi ne a Lafani, ƙasar Illela. Mahaifinmu ya bar mana gona a gangare, wana Attahiru a sama, ni a ƙasa, da layin gamba a tsakani wanda tsoho ya dasa da hannunsa. Tun da Turawa suka kafa iyaka tsakaninsu da Faransi, fatake suka sake hanya, suna ratsa gonar su sauka gidan Attahiru da jakuna da raƙuma. Sai ya tuge gamban nan har saiwa ya yi wa baƙinsa zana, ya sare sabara don girkinsu. Da na yi magana, wai tsakanin 'yan'uwa mi ya kawo iyaka!

Ruwan bara kuwa sai ya ɗauke har gero ya yi yaushi, sannan ya juye gaba ɗaya. Ya bi sawun dabbobin ya gangaro, ya kwashe mini ƙasa mai kyau ya bar tsakuwa. Yanzu kwazazzabo ne a inda gamban yake, jaki ya faɗa sai da igiya. Kuma gefena kaɗai yake ci, ni da nake share gonata fes, in ƙone kara, ko shanun Boyi makiyayi ban bari su kwana ciki. Attahiru dai abin da ya iya faɗi, ruwa na Allah ne. Na sani, amma gatarin na wa ne? Raina ya ɓaci matuƙa. In kai shi gaban alƙali?

Mai Gonar Gangare

Amsa

Mai Gonar Gangare, wanka ya yi kuskure, babu ja. Tsohonku bai dasa gamba don raba ku kawai ba, saiwarsa ce ke riƙe ƙasa. Amma kai ma, haba! Ka ƙone kara, ka kori shanun da za su ba ka taki, ka bar gona tsirara, me zai tare ruwa?

Alƙali zai iya ba ka gaskiya, amma ba zai cike rami ba, kuma ruwan da ke cin kwazazzabon daga gonar wanka yake gangarowa, ba ka toshe shi sai da yardarsa. Ka samu dattijon da yake jin nauyinsa, ku je tare. Ka nuna masa rami baya yake ci, in ya gama da kai hawa zai yi gonarsa. Ku jera duwatsu da kara tun daga sama, ku sake dasa gamba da ruwan farko, ku sauya wa dabbobi hanya. Kunyoyinka su gitta gangare. Boyi kuma ka je da goro ka ba shi haƙuri.

In wanka ya sake cewa ba iyaka tsakanin 'yan'uwa, ka tuna masa da ladabi: gamban tsoho da taku ɗaya kuke tsallake shi ku gaisa, wannan ramin kuwa sai kun zagaya.

Allah Ya ba ku damina mai albarka, Ya bar zumunci.