Ƙwallon da Aka Rubuta wa Usama

Rusaifa, 3 ga Rajab

Zuwa ga ɗana Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, da aikin tuƙin bas. Usama ya kira ka sau uku ba ka ɗauka ba, shi ya sa na koma ga biro.

Ranar Alhamis ta sama kwalejinmu za ta yi mini bikin ban kwana. Shekara talatin da huɗu ina horar da 'yan ƙwallonta, kofi tara, a makarantar da ko filin wasanta na aro ne. A wurin shugaban kwaleji zai sanar cewa ɗana Usama ne zai gaje ni. Duk waɗanda suka ciwo mana kofin farko za su zo, kowa an ba shi minti biyu ya yi magana. Ka zo, ya waladi, ɗana.

Mai horar da kai,
Kyaftin Mukhtaru

Kudai, 6 ga Rajab

Kyaftin,

Wa alaikumus salam. Iyali lafiya lau, bas ma tana tafiya.

Zan zo. Amma wane suna za a rubuta a kujerata? Ina tambaya ne don wancan karon da ka gayyace ni, sunan ɗanka ka ba ni. A unguwar Utaibiyya aka haife ni, nan ƙasa mai tsarki, amma ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ni da katin ɗalibi, sai ƙafa mai kyau. Ka tsinto ni a lungu, ka sa mini rigar Usama da katinsa, ka ce ai alƙalin wasa bai iya bambance baƙaƙen fata ba. Gaskiyarka, bai bambance ba. Na ci ƙwallon da ya kawo kofin, jarida ta buga sunan Usama, shi kuwa yana gida yana jinyar mura.

Ka yi alkawarin kai ni gwaji Jidda. Shekara ashirin da shida ke nan, ko motar ce ba ta cika ba? Ba na ɓoye maka, na tsane ka tun ranar, kuma hoton da aka ɗauke mu da kofin yana nan a akwatina.

Ka huta lafiya,
Ja'afaru

Rusaifa, 8 ga Rajab

Ɗana,

Sallama da gaisuwa. Wasiƙarka ta hana ni cin abinci.

Na yi kuskure, ban musa ba. Amma ka tuna, a shekarar an ce in ban kawo kofi ba za a rushe ƙungiyar. Yara ɗari nawa suka taka leda a hannuna bayan nan? Wa kuma zai karɓe ka a Jidda ba takarda? In ka tona maganar nan, ni na gama nawa, Usama ne zai rasa aikin, ga shi da 'ya'ya huɗu. Ka zage ni a ɗakina yadda ka ga dama. Don Allah ka rufa mana asiri a gaban mutane.

Babanka,
Mukhtaru

Kudai, 14 ga Rajab

Kyaftin,

Salamu alaikum, ya gajiyar biki?

Ka roƙe ni kada in faɗa, ban kuwa faɗa ba. Da aka miƙo mini makirufo, sai na kira Usama, na ce jama'a na son ji daga bakin gwarzon yadda ya ci ƙwallon nan. Ya gyara tsayuwa ya ce, “Da ƙafar dama na narka shi, daga wajen da'ira.” Ashe duk shekarun nan ko tambayarka bai yi ba.

Sai tsohon golanmu ya tuntsire da dariya, ya ce da ka aka ci, har goshin mai cin ya sha ɗinki bakwai. Mutane suka dubi goshin Usama, suka dubi nawa. Shugaban kwaleji ya ninke takardar sanarwar ya sa a aljihu. A bakin ƙofa na ce masa na zo da hotonmu da kofin, ya nemi gani, na ba shi.

Kai kuwa kana kan kujerar gaba kana ta tafi, kana murmushi. Sai a nan na gane kunnenka ya mutu, ba ka ji ko kalma ɗaya ba, kuma na san ba wanda zai iya gaya maka a gida. Shi ya sa na rubuto, don kada a cuce ka.

Wassalam,
Ja'afaru