Alhaji Mai Kemis, Mene ne Sunan Farar Ƙwayar?

Zuwa ga Alhaji mai kemis na bakin kasuwarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, kai da iyalinka, da fatan an shiga kaka lafiya. Ban sa sunanka ba, ban kuma sa sunan garinmu ba, don ba tozarta ka nake nema ba. Amma duk mai cin kasuwarmu, a hanyar Bakori zuwa Funtuwa, ya san shago mai koriyar ƙofa kusa da masu awon masara.

Ba ka san ni ba, ni ma ban taɓa ganinka ba. Ni ce matar da maigidanta ke zuwa ya ce maka, "Ta gida ce ba ta jin daɗi," kai kuma ka ƙulla ƙwayoyi a farar leda ka miƙa masa. Na sha aiko shi da tambaya yana dawowa ba amsa, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. A daminar bara aka fara. Gonar maigidana tana can bakin daji, kowa kuwa ya san irin labaran da ake kawowa daga wannan gefen. Ni kuma Allah ya yi ni da kai mai saƙa labari, don tun ina makaranta nake karanta littattafan soyayya, na bugawa da na waya. Idan ya yi jinkirin dawowa, kafin la'asar na riga na tsara yadda aka tare shi, da wanda zai kawo mini labarin, har da mayafin da zan yi takaba da shi. Gabana ya riƙa faɗuwa, barci ya ƙaurace mini. Da ya gaya maka sai ka yi masa haɗi: wata ja doguwa, wata rawaya, da rabin wata fara ƙarama. Babu kwali, babu suna. Barci ya dawo, na yi ta sa maka albarka, har na zana ka a raina irin likitocin littafi, masu farin gilashi da magana a hankali. Duk ranar kasuwa sai ya karɓo sabon ƙulli tare da gishiri da daddawa. Rani ya wuce, wata daminar ta shigo, ba ka taɓa cewa ya isa haka ba.

Na biyu. Da na yi ɓatan wata, surukata Inna ta ce mai ciki ba ta shan ƙwaya, ta kwashe ledojin. Na daina rana ɗaya. Ba a jima ba kaina ya ɗaure. Alhaji, ba irin ciwon kan zazzaɓi ba ne. Matsi ne, kamar an zagaye mini kai da igiyar guga ana ja daga baya, ana kuma danna tsakiyarsa da tafin hannu. Kunnuwana suna ƙugi kamar injin niƙa daga nesa, haske yana sukar idona, hannuna yana rawa har ludayi yana kaɗa bakin kwano. Idan na buɗe littafi sai layukan su hau kan juna.

Inna ta ce laulayi ne, ita da ta yi cikin maigidana ko ɗankwali ba ta iya ɗaurawa. Ƙanwarsa Ladidi ta ce littattafan ne, wai kan da aka cusa wa alhazai masu jirgin sama da 'yan mata masu hushirya ai dole ya yi nauyi. Aka yi mini hayaƙi, na sha rubutu. Maigidana ya koma wurinka, ya kuma gaya maka ina da ciki. Ka ce, "Laulayi ne, ta ci gaba da na da." Ya karɓo wasu, na sha ƙulli ɗaya ba da sanin Inna ba, kafin in gama tankaɗe igiyar ta saki. Ban yi murna ba, tsoro na ji. Wane irin laulayi ne ƙwaya take buɗe shi kamar kwaɗo ya ga makullinsa?

Na uku. Da na je awo a Funtuwa na tafi da ledojin. Likitar ta baje su a tebur. Ta ce jar ta ƙarin jini ce. Rawayar kuma diyazefam ce, daga dangin magungunan kwantar da hankali da suke kira benzodiyazefin. Ta ce jiki yana sabawa da ita, don haka ba a daɗewa a kanta, ba a kuma yanke ta rana ɗaya, domin yankewar tana iya kai mutum ga jijjiga. Ta tsara mini yadda zan riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Farar kuwa ta yi ta juya ta ba ta gane ta ba, saboda duk ƙullin da na kawo, rabin da ba shi da rubutu ne a ciki. Ta ce ba za ta bar mai ciki ta ci gaba da shan abin da ba a san sunansa ba. Amma idan ita ma dangin rawayar ce, to ragewar da ta tsara ta yi mini sauri, mai yiwuwa shi ya sa har yau kaina bai sake ba. Ta kuma ce tana so ta san abin da ɗan cikina ya sha tare da ni.

Maigidana ya zo ya tambaye ka sunan farar. Ka ce sirrin sana'a ne. Ya sake zuwa, ka ce kamfanin ya canja. Da ya matsa sai ka yi dariya ka ce, "Matan yanzu da waya sun fi likita sani." Ya dawo da kunya, kamar shi ya yi laifi. Ni dai ina tambaya, ina ɗaya rabin mai rubutu yake tafiya?

Na huɗu, kuma shi ya fi damuna. A wani suna a maƙwabta hira ta kai mu ga magani. Wata ta ce haɗinka take sha na ciwon baya, wata na gyambon ciki, wata dattijuwa na gwiwa. Na roƙe su suka nuna mini. Ciwo daban-daban, amma kowace leda da rawayar a ciki. Kowaccensu kuma ta ce idan ƙullin ya ƙare kanta yana ɗaurewa har sai an ci kasuwa. Ban ce da gangan kake yi don kada a daina zuwa ba. Na san zato ba shi da kyau, nakan yi istigfari idan ya zo mini. Amma kai ne kake ciyar da shi da shirunka.

Na biyar, ga 'yan uwana mata da za su karanta wannan. Kada wadda ta yanke da kanta kamar yadda na yi, ku kai ledar asibiti. Ni abin da yake ɗan rage mini shi ne in kwance ɗankwali, in ɗora jiƙaƙƙen tsumma a ƙeya, in ja numfashi a hankali. Na bar shayi mai kauri da goro, na rage kallon waya, da yamma nakan zagaya tsakar gida. Idan matsin ya taso nakan tuna wa kaina abin da likita ta ce, jiki ne yake koyon zama ba ƙwaya, ba hauka ba ne. Karatu kuwa maigidana ne yake yi mini idan ya dawo gona. Yana zuwa wurin kalaman soyayya sai ya yi tari ya ce, "Wannan yaron ba shi da gona ne?" Sai in yi dariya ina dafe da kai.

Roƙona, Alhaji, ga shi. Ka faɗi sunan farar ƙwayar da ƙarfinta. Ka daina sa rawayar a haɗin wanda likita bai rubuta masa ba. Waɗanda suka riga suka saba kuma ka gaya wa mazansu gaskiya, su kai su asibiti. Ranar kasuwa mai zuwa maigidana zai zo, ba sayen komai zai yi ba. Ka ba shi kwalin, ko da fanko ne. Idan ya dawo babu, matan nan sun yarda in haɗa ledojinsu da nawa in kai wa likita ranar awona, ita ta san inda za ta kai maganar.

Allah ya tsarkake maka kasuwarka, ya kare iyalinka daga shan abin da ba su san sunansa ba. Allah ya sa farar nan ba komai ba ce, in ji kunya, in aiko maka da ban haƙuri a fili kamar yadda na rubuto wannan. Wallahi na fi son in ji kunyar.

Wassalam, daga 'yarka a Musulunci,
Naja'atu.